Ranar da Ƙafata Ta Bi Ganga Ta Bar Ka

Cali, unguwar Obrero
Laraba da la'asar

Libardo nawa,

Hasken idona, sanyin ƙirjina, raken da ya fi duk raken kwarin nan zaƙi! Inuwar mangwarona da rana tsaka, ruwan kogin Pance a ƙafar wadda ta wuni a tsaye, iskar da ke gangarowa daga duwatsu da la'asar ta kwashe wa Cali zafinta! Kai mai takalmi fari da baƙi, kai mai taurin kan da ya fi ƙwallon chontaduro, 'yar kwakwar nan da muke dafawa, kai da ka rufe mini ƙofa ka bar ni da biro da takarda, ina gaishe ka. Ina kuma jin haushinka daidai yadda nake son ka, ka kuwa san wannan ba kaɗan ba ne.

Ka ga abin da ka mai da ni? Ni Edilma, da ban taɓa rubuta abin da ya wuce farashin abarba a jikin kwali ba, yau ga ni na rufe rumfa da wuri, na ari tabaron ƙawata Nubia, ina ta haɗa kalmomi kamar 'yar makaranta. Na kira wayarka har ta yi zafi a hannuna. Na buga ƙofarka har maƙwabciyarka ta leƙo ta taga ta ce, "Doña Edilma, in ƙofar ce ta yi miki laifi, ki faɗa mana mu ba ki haƙuri." Na koma gida ina cewa kunnen uwar shegu ka yi da ni. Ashe ba da gangan ba ne. Ashe kunnen ne ya tafi, ya daɗe da tafiya, ni kuma da nake taƙamar na san ka ciki da waje, ni ce ta ƙarshen sani. To, idonka dai lafiyarsa lau, don da shi ka ga abin da ƙafata ta yi maka. Ka yi amfani da shi ka karanta wannan har ƙarshe.

Jiya 'yarka Maritza ta zo rumfata a kasuwar Alameda. Ta tsaya tana ta juya gwanda a hannu, ta kasa haɗa ido da ni. Na ce, "'Yata, gwandar nan ba ta yi miki komai ba, faɗi abin da ya kawo ki." Ta ce, "Doña, Baba ya ce ya gama da rawa, ya gama da Cali. Ranar Litinin zan tafi da shi Pasto ya zauna wurina. Har takalmansa ya zuba a leda, wai in ba duk wanda suka yi wa daidai." Wuƙar da ke hannuna sai ganinta na yi a cikin kwandon lemo.

Pasto, Libardo? Garin da sanyi ke sa mutum tafiya kamar mai rakiyar gawa, a naɗe cikin bargo tun safe? Kai da ko a layin burodi ƙafarka ba ta iya zama wuri ɗaya? Me za ka yi a can? Ka zauna a bakin taga kana kallon hazo yana cin dutse, ni kuma in zauna a nan ina kallon kujerarka? Wa ya ba ka izinin ɗauke mini rana ka kai ta bayan duwatsu? Kana ganin don ka daina jin duniya, ita ma ta daina jin ka ke nan?

Ka tuna ranar da ka fara riƙe hannuna? Muna 'yan shekara goma sha wani abu, a falon gwaggon wani abokinka a unguwar San Nicolás, rawar yamma ta yara, ba giya sai lemon kwalba. An jingine kujeru a bango, uwar gida tana zaune a bakin ƙofa da tsintsiya tana gadin tazarar da ke tsakanin namiji da mace. Faifan da ma'aikatan jirgin ruwa suka shigo da shi ta Buenaventura yana juyawa a garmaho, kiɗan New York, mai daɗi amma mai nawa, kamar an yi shi don mutanen da suka ci suka ƙoshi. Aristides mai sa mana faifai, wanda a lokacin bai kai a girmama shi da laƙabin Don ba, ya ce, "Haba, wannan ai na jana'iza ne!" Ya kai yatsa ya ture ɗan maɓallin nan na gudun faifai daga talatin da uku zuwa arba'in da biyar, yadda ake yi a kowane falo a zamaninmu. Muryar mawaƙin ta sirance ta koma ta yaro, ƙahonin suka haukace, kugen ya zuba a guje, mu kuma muka gane abin da Allah ya yi mana ƙafa dominsa.

Ka zo ka miƙo mini hannu biyu. Daga ƙugu zuwa sama kana tsaye cak kamar mai jiran a ɗauke shi hoto, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kamar wanda ya taka garwashi. Dunduniya, yatsa, dunduniya, har ido ya kasa rabe fari da baƙin takalminka. Na bi ka ban ɓata taku ko ɗaya ba. Da waƙar ta ƙare ka raka ni kujerata ka ce, "Yarinya, ƙafarki ta fi bakinki ladabi." Na ce, "Kai ma naka bakin bai kai ƙafarka wayo ba." Na koma gida ranar ina dariya ni kaɗai a hanya, har mahaifiyata ta shinshina bakina.

Rayuwa ta haɗa ka aure da Rosalba, ta kai ni gidan Gilberto, Allah ya ji ƙansu su biyun, ba mu ci amanar kowa ba. Sai da furfura ta gama da mu muka sake haɗuwa a zauren Doña Herminia, inda tsofaffi irinmu ke zuwa ranar Lahadi bayan coci su nuna wa jikokinsu cewa da sauransu. Don Aristides yana nan a kusurwarsa da garmahonsa da akwatunan faifai, maɓallin kuma yana nan a arba'in da biyar, ya manne shi da salatif don kada wani ya yi gangancin taɓawa. Ka sake miƙo mini hannu biyu. Daga wannan Lahadin ban ƙara yin rawa da wani namiji ba, kowa kuma ya san dalili. Kai ne ka dawo mini da jan baki, Libardo. Kai ne ka sa na koma sayen takalmi mai tsini a shekarun da sa'o'ina ke sayen maganin gwiwa.

Wayyo ni wawuya! Yanzu da na zauna ina tunani, komai a fili yake. Da ka ce mu mai da teburinmu kusa da manyan lasifikokin nan da ke ajiye a ƙasa, na ce tsufa ya sa ka son hayaniya. Da ka koma dafa katakon tebur da tafin hannu kafin mu tashi, na ce gwiwa ce. Da ka daina kallon idona in ina magana ka koma kallon leɓena, na rantse da Budurwa Maryamu har wani daɗi na ji, na ƙara jan bakin, na ce wa Nubia, "Ke, tsohon nan fa bai tuba ba." In yi ta zuba maka labarin masu ci-da-ceton kasuwa, kai ta murmushi kana gyaɗa kai, ni kuma ina yabonka a gari wai na samu namijin da ya iya sauraro!

Ba na son tuna Lahadin nan, amma dole in faɗa maka ita daga inda nake tsaye, don kai rabinta kawai ka gani.

Ka san Don Aristides yana kwance a asibiti da ciwon zuciya, surukinsa Wilmer ne ya karɓi kusurwar. Mutumin kirki ne, amma a Bogotá ya girma, da kwamfuta ya zo. Ya ɗauke lasifikokin daga ƙasa ya rataye su can sama a bango, wai sauti ya fi fita. Na lura da ka dafa tebur ka ɗan yi jim, ban kawo komai a raina ba. Sai ya ɗaga kwalin faifai sama ya nuna wa jama'a, yadda aka gaya masa al'adar gidan take, wannan jan kwalin, waƙarmu. Ka miƙe fuskarka ta washe, ka ja ni tsakiyar fili. Yana sauke hannu, ka fara rawa.

Amma ba garmaho ya kunna ba, raina. Daga kwamfutarsa ya sako waƙar, yadda masu ita suka yi ta tun asali, da nawarta, muryar mawaƙin ƙatuwa ta babban mutum, har wasu ba su gane ta ba da farko. Kai kuwa ka shiga da gudun da muka san ta da shi tun muna yara. Ban taɓa ganin ka yi rawa mai kyau irin ta ranar ba, wannan ma shi ya fi ci mini rai. Kowane taku a wurinsa, kowane juyi a kan ƙa'ida, kafaɗarka ko gezau, sai dai kana bin waƙar da babu mai jin ta a zauren sai kai.

Ni kuma fa? Hannunka yana ce mini zo, ganga tana ce mini tsaya. Na so in ce maka na yi tunani na zaɓa, amma ƙarya zan yi. Ƙafar ce ta zaɓa da kanta, ƙafar da tun tana ƙarama aka koya mata cewa ganga ce uwarta. Ta faɗa kan kiɗan ta bar ka. Har na matse yatsunka ina ja da baya, ina so in tsai da kai, kamar mai riƙe da akuyar da ta ga ƙofa a buɗe. Ni, da ban taɓa yi wa hannunka gardama ba!

Mutane suka fara tsayawa. Da farko sun zaci sabon salo ne, har wasu suka tafa. Sai wani ya tuntsire da dariya, wani daga teburin 'yan tasi ya ɗaga murya ya ce, "Libardo, motar ta tsaya tun ɗazu, kai kaɗai kake gudu!" Ba ka ji shi ba, amma ka ga bakunansu a buɗe. Na ga idonka ya sauka kan ƙafata. Daga nan ya bi ƙafafun sauran jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kan tawa. Wannan kallon har kabarina. Ba kallon fushi ba ne, da ma shi ne da na iya da shi. Kallon mutumin da ya juyo ya tarar an kwashe masa gida ne. Ka saki hannuna a hankali, ka gyara wuyan rigarka, ka fita ko hularka ba ka ɗauka ba.

Tun da uwata ta haife ni namiji bai taɓa barina a tsakiyar fili waƙa ba ta ƙare ba. Ko mashayin da ba ya gane gabansa ya san sai ya mai da mace kujerarta. Na tsaya kamar turmi, hannuwana a miƙe ba kowa a cikinsu, har Nubia ta taso ta kama su ta ce, "Ke, ɗaga kanki, kar ki yi kuka a gaban 'yan tasi," ta ƙarasa waƙar da ni. Na yi fushi da kai ranar, ba zan ɓoye maka ba. Na ce giya ka sha, na ce wulaƙanci ne, na ce abubuwan da ba zan rubuta ba.

Washegari na kai wa Don Aristides romon kaza, na zauna ina kai masa ƙararka. Ya saurare ni, ya juya fuska bango. Ya ce, "Edilma, ke ma dai. Mutumin nan ya fi shekara biyu ba ya jin ko tsawa. Ni nake ɗaga masa kwali ya san waƙar, in sauke allura in gyaɗa masa kai, sauran kuma katakon daɓe ke gaya masa ta tafin ƙafa. Waƙoƙin duk suna cikin kansa." Na ce, "Kai kuma ka sani ka yi shiru? Ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo?" Ya ce, "Ya sa na rantse. Cewa ya yi ranar da kika sani za ki fara tausaya masa, ranar da kika fara tausaya masa za ki fara ja masa gaba a rawa, shi kuma gara ya mutu. Laifina ɗaya, na manta ban gaya wa Wilmer zancen maɓallin ba. Wa zai yi zaton akwai mai sa faifai a Cali da sai an gaya masa?"

Haba Libardo! Haba zumar rayuwata, haba ɗan banzan tsoho mai girman kai! Shekara biyu kana ɗauke da wannan kaya kai kaɗai, kana murmushi, kana juya ni a fili kamar ba komai? Ka amince wa katako, ka amince wa kwali, ka amince wa Aristides da ko asirin kansa ba ya iya riƙewa, ni ce ba ka amince wa ba? Me ka ɗauke ni? Kunnenka na so? Kunnuwan nan naka masu kama da marfin tukunya? In na tuna sai in ji kamar in zo in shaƙe ka, in na sake tunawa kuma sai in ji kamar in durƙusa in sumbaci ƙafafun nan da suka yi ta rawa cikin shiru don kada in sani.

Amma abin da ke hana ni cin abinci shi ne, tsoronka ya tabbata. Ka ce in na sani zan ja maka gaba, ga shi tun ban sani ba na ja. Rana ɗaya tak da ka buƙaci in bi ka ido rufe, ranar na bi wani. Da na bi ka, da mu biyu ne za mu yi kuskuren, da an ce tsofaffin nan sun yi wa yaron Bogotá gatse ne, a tafa mana a wuce wurin. Ƙafata ce ta tona maka asiri, ba Wilmer ba. Shi ma bawan Allah ya zo rumfata hula a hannu, ya ce zai sauke lasifikokin, zai dawo da garmahon, har salatif ɗin ya sayo. Na gode masa. Amma ba da wannan nake roƙonka ba, don gobe wani zai zo ya sake rataye su, Don Aristides kuma likita ya ce ya yi sallama da kusurwarsa. Za a sake samun ranar da katako zai yi shiru, ni da kai mun sani.

Saboda haka ga abin da na yi. Na sayi auduga a kantin magani, na jiƙa ta da man kwakwa, na toshe kunnuwana biyu, na ɗaure da ɗankwali. Na ƙure rediyo na tsaya a tsakiyar ɗaki. Libardo, na ji tsoro. Ina ganin labule yana motsi, ina ganin kare yana buɗe baki a waje, ba abin da ke iso ni sai bugun zuciyata da ƙarar haɗiyar yawuna. Ashe nan ka koma da zama? Ashe daga nan kake miƙo mini hannu duk Lahadi? Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi wa Gilberto ba, Allah ya yafe mini.

Da na share hawaye na aika aka kira Nubia, na ce ta zama namiji. Sau biyu ina cin karo da tebur, na fasa mata kofi, ta zare mini audugar ta yi mini ihu a kunne, "Ke tsohuwar banza, kurma ɗaya bai ishi unguwar nan ba sai kin ƙara mana?" Na mayar da abata muka ci gaba. Ka san abin da na gano? Hannu yana magana kafin ƙafa ta motsa. Ɗan matsin nan na babban yatsa, ɗan sassautawar nan ta wuyan hannu, duk labarin yana ciki. Shekara da shekaru kana gaya mini komai ta nan, ni kuma ina raba hankalina tsakaninka da ganga. Hannun Nubia ma da ba ya da ladabi na fara gane shi, balle naka da na sani kamar hanyar gidanmu.

Motarku sai Litinin. Kafin Litinin akwai Lahadi, ita kaɗai nake roƙo. Na karɓi ledar takalmanka daga hannun Maritza, na goge su, farin da alli, baƙin da mai, za ka same su a bakin ƙofarka tare da hularka, wannan takarda kuma zan tura ta ta ƙarƙashin ƙofa. Ban ce kada ka je Pasto ba, ko da yake in ka tafi ban san abin da zan yi da sauran Lahadin da Allah ya rage mini ba. Ban ce ka sa na'urar kunnen da Maritza ke ta fama da kai a kanta ba, wannan faɗan na gaba ne, kuma za mu yi shi. Cewa na yi ka zo.

Zan sa jar rigata. Ba zan zauna a tebur ba, a tsakiyar fili za ka same ni, daidai inda ka saki hannuna, da auduga a kunnuwana biyu. Duk abin da Wilmer ya ga dama ya sa, mai gudu ko mai nawa, ko ma wutar ta ɗauke gaba ɗaya, ba ruwana, ba zan ji ba. Ka zaɓi waƙar da kake so a cikin kanka, ka matsa mini yatsa, in bi ka. In daidai ne mu yi daidai tare, in kuskure ne mu yi shi tare har ƙarshe, ka mai da ni kujerata kamar yadda ɗan mutunci ke yi.

Na san abin da ke ranka, farin watana. Kana cewa 'yan tasi suna nan, bakinsu kuma bai mutu ba, za su yi dariya. Wataƙila su yi. Su yi ta yi har haƙoransu na roba su zubo, ba mai jin su a cikinmu.

In kuwa ba ka zo ba, zan tsaya a wurin har Doña Herminia ta kife kujeru a kan tebura, kuma ba hannun da zan karɓa, ranar ko bayanta.

Taka, da ƙafa da hannu da abin da ya rage na numfashi, a Cali ko a cikin hazon Pasto, yau da ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Edilma